Kemistirin Goggo Hodi

Riskuwa na zaune a tsakar gidan yayarta Mansura, a Birnin Kebbi, tana tsince tsakuwa daga shinkafar da Baba ya aiko musu daga Argungu, sai ta jiyo sallamar Goggo Hodi daga zaure. Ba ta tsaya amsawa ba. Ta dire faifan ta afka ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya, ta bar ɗayan a bakin ƙofa.

Dole ta gudu. Goggo Hodi ƙanwar mahaifin Munzali ce, saurayin da zai auri Riskuwa, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa yana tatata, don haka ita ce uwar miji. An riga an kai kayan sa rana, an tsayar da biki sai an yanke shinkafar rani. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta haɗa ido da surukarta, balle ta buɗe baki a gabanta, kuma a wannan fannin Riskuwa ba ta da na biyu.

Goggo ta dubi takalmin, ta yi dariyarta mai girgiza kafaɗu, ta ce wa Mansura ta bar 'yar gudun hijira inda take, kunne dai ba ya ɓuya. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki.

"Munzali ya hwaɗa min ɗiyata ta ci dut jarabawarta, abu guda ta rasa — wanga Kemistiri. To na biɗo mata. Akwai wata kwaleji can bayan tasha, suna koyar da shi cikin wata uku, su ba da satifiket. Na kai sunanta, na sayar da tumakina na biya. Kahin a yanke shinkahwa ta ƙare, a yi biki, ta wuce makarantar nas abinta."

A cikin ɗaki Riskuwa ta toshe baki da mayafi, hawaye suka zubo mata. Tun tana aji uku ba ta da buri sai aikin jinya. Da sakamakon WAEC ya fito ta samu kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Fiziks, Kemistiri kaɗai ya kayar da ita, ta yi kuka har ta rame. Baba ya ce ta haƙura, aure ma karatu ne. Ga shi yau wadda take jin tsoron za ta hana ta boko ita ce ta sayar da tumakinta don ta sa ta a hanya. Mansura ta yi ta godiya har da durƙusawa.

Abin da ba su sani ba, Goggo ta riga ta gama gari da labari. Duk gidan suna, duk gidan biki, daga Birnin Kebbi har Gulma garinsu na asali, sai ta sako zancen cewa nas za ta kawo gida. Ta gaji da kai ciwon ƙafarta gaban samari masu farar riga, in ji ta, daga yau tata ta gida za ta riƙa duba ta.

Riskuwa ta fara zuwa kwas da zuciya ɗaya. Malamin ma ba laifi, ya san abinsa, a hannunsa ta fara gane lissafin da ya riƙa juya mata kai a sakandare. Munzali kuwa, mai gyaran injin ban-ruwa ne a fadamun Argungu, a can ma ya san Baba har ya hango 'yarsa. Kullum ya dawo da yamma hannu duk baƙin mai, sai ya biyo ya tsaya a zaure yana tsokanarta da Sista Riskuwa, ita kuma tana rufe fuska tana cewa ya bari sai ta zama.

Daɗin bai daɗe ba. Maƙwabciyarsu Adesewa, 'yar Yarabawan da ke sayar da kwanuka a kasuwa, haifaffiyar garin ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gida, kuma tana shekara ta biyu a makarantar jinya. Ta zo hutun ƙarshen mako, Riskuwa ta ɗauko littattafanta da ɗoki tana nuna mata. Adesewa ta juya su, ta tambayi wace jarabawa za a rubuta a ƙarshe, WAEC ko NECO. Riskuwa ta ce babu ko ɗaya, kwalejin ce da kanta za ta yi musu tata.

Adesewa ta ajiye littafin.

"Riskuwa, kada ki ji haushina. Wanga kwas na share hwage na, na masu son shiga kwalejin tasu. Satifiket ɗinsu a ƙoharsu kaɗai shika aiki. Mu wurinmu kiredit biyar aka so, na WAEC ko NECO, kuma kada ya wuce zama biyu. Kin yi zama guda, saura miki guda. Ki koma wata sakandare ki yi rajistar NECO, ki zauna aji da 'yan SS3, ki yi firatikal da hannunki. Kuma ki hanzarta, rajista ta kusa rufewa."

"Anti Sewa, to ai Kemistiri Kemistiri na —"

"A cikin kai, i. A kan teburin admishan, a'a."

Riskuwa ta tambayi yaushe ake rubuta NECO ɗin. Adesewa ta faɗa mata. Farkon damina ne, wato daidai makonnin da amarya ke zaune a ɗaka ba ta leƙa ko zaure. Babu dangin miji da za su yarda a ga amaryarsu da lalle a ƙafa tana jan layi da 'yan makaranta. Ko dai a ɗaga biki, ko jarabawa ta wuce ta.

Ba ta yarda da baki ɗaya ba. Washegari ta hau keke napep ita da Mansura har makarantar jinyar, matar da ke ofis ta maimaita musu abin da Adesewa ta faɗa ba ragi ba ƙari. Suka juyo gida.

Da yamma ta gaya wa Munzali a zaure. Ta ɗauka zai zabura ya ce bari ya je ya sami Goggo, sai ta ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Munzali mutumin kirki ne, amma in aka zo batun Goggo ba shi da kataɓus. Ya ce ta duba halin da yake ciki. Matar nan ba ta taɓa haihuwa ba, shi ne ɗanta, tumakin nan su ne duk abin da ta mallaka. Da wane baki zai ce mata ta yi kuskure? Ya roƙe ta ta lallaɓa ta ƙarasa kwas ɗin, a yi biki, baɗi ko baɗin baɗaɗa shi da kansa zai yi mata rajista a asirce.

"Yaya Munzali, kai ka san baɗi ba tawa ba ta," in ji ta. "In ciki ya zaka hwa? In goyo ya zaka? Kuma ranar da Goggo za ta ɗauki wagga takarda ta kai makaranta da kanta a kore ta gaban mutane, wa za ya ɗauke mata kunyar?"

Ya ce ita dai boko take so fiye da shi. Maganar ta soke ta ƙwarai, ta tashi ta shige gida tana kuka. Shi ma yana hawa babur ya san ya yi ɓaranɓarama, amma girman kai ya hana shi juyowa.

A Argungu ma ba ta samu sauƙi ba. Mansura ta kira Baba a waya ta yi masa bayani, ya ce sam, a gidansa ba a mayar wa suruki kyauta. Ko guba suka ba ta, in ji shi, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, shi ba zai zama abin nuni a fadama ba a ce 'yarsa ta raina alherin mutane tun ba ta shiga gidansu ba.

Haka Riskuwa ta shiga tsaka mai wuya. In ta je kwas sai ta zauna tana kallon allo tana tunanin rajistar da ke shirin rufewa, in ta zauna gida sai ta ji kamar ta ci amanar tsohuwa. Daga ƙarshe ta daina zuwa, don zuciyarta ta kasa ɗaukar zaman ƙarya. Garin kuwa ba ya riƙe sirri. Ba a yi nisa ba wata ta kai wa Goggo cewa amaryarta ta yi watsi da makarantar da aka saka ta, wai ta fi ƙarfinta.

Goggo ta kira Munzali ta tambaye shi, ya yi ta kame-kame ya ce Riskuwa ba ta jin daɗi ne. Goggo ba yarinya ba ce. Ta ce in dai abin hannunta ne bai kai a karɓa ba, to ɗanta ma bai kai ba, ranar Juma'a za ta aika Argungu a dawo mata da kayanta. Ta faɗa tana share hawaye da gefen zane, don gaskiya ba fushi ne ya fi yawa a ranta ba, ciwo ne. Ta so yarinyar nan tun ba ta ga fuskarta da kyau ba.

Saƙon ya iso gidan Mansura ta bakin Munzali, ya tsaya a zaure kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Ya ba Riskuwa haƙuri a kan abin da ya faɗa mata, ya ce ya buɗe baki sau da yawa a gaban Goggo maganar ta maƙale. Riskuwa ta dube shi, tausayinsa ya kama ta duk da haushin da take ji. Ta shiga ciki ta ɗauko babban mayafinta.

"Yaya Mansura, tashi ki raka ni."

"Ina?"

"Gidan Goggo."

Mansura ta dafe ƙirji ta ce ko ta haukace, wace budurwa ce ke taka gidan surukai kafin a kai ta? Riskuwa ta ce ai ba ita za ta je ba, Mansura ce za ta je gaisuwa, ita 'yar rakiya ce. Kuma ba za ta yi wa Goggo magana ba ko kalma ɗaya, da yayarta za ta yi hira.

Suka sami Goggo bayan la'asar tana gyaran albasa a inuwar darbejiya. Ta amsa gaisuwar Mansura a daƙile, ta yi kamar ba ta ga mai lulluɓin da ta raɓe a bayanta ba. Riskuwa ta durƙusa nesa kaɗan, ta juya fuskarta ga bango. Sai ta fara, a hankali.

"Yaya, ina son ki sani, tun da nika duniya ba wanda ya taɓa yi min abin da anka yi min a gidan ga. Ko Baba cewa ya yi in haƙura. Nan anka sayar da dabbobi don in zama mutum. In na mance wanga, Allah ba ya barina."

Hannun Goggo ya tsaya a kan albasa.

Riskuwa ta ci gaba, tana kuka tana magana, kamar da Mansura take yi. Ta faɗi abin da Adesewa ta ce, da abin da matar ofis ta tabbatar. Ta ce karatun da ta yi a kwas bai tashi a banza ba, ta ƙaru da shi sosai, takardar ce kawai ba ta buɗe ƙofar da ake so. Ta ce ta yi shiru ne don kunya, sai ta ga shirun zai kai Goggo ga abin da ya fi muni, ta tafi da takarda tana murna a juyo da ita. Ta faɗi batun NECO da lokacin da ya faɗa, ba ta ɓoye komai ba.

"In an ce in bar karatun, Yaya, na bari, ba ni ja da magabata. Amma a bar shi a kan gaskiya. Kada a ce na raina."

Goggo ta daɗe tana kallon bayan yarinyar. Da ta buɗe baki, ita ma Mansura ta fuskanta, don ta san dokar wasan.

"Mansura, tambayam min ita, shi wancan sakaran ya san da wagga magana?"

Mansura ta ce ya sani.

"Tun yaushe?"

Mansura ta ce an ɗan kwana biyu.

"To! Namiji da gemu ya kasa, ɗiya mace ta taka kunya ta zaka." Ta kakkaɓe zanenta. "Hwaɗa mata ban yarda ba tukuna. Wancan karon a bakin mutane nij ji, shi ya kai ni ga wanga. Gobe da ƙahwata zan tahi in ji da kunnena."

Ta kuwa tafi. Munzali ya so ya kai ta a babur, ta ce ba ta hawa bayan matsoraci, ya biyo ta a baya. Ta shiga ofishin makarantar jinyar da sandarta, ta sa matar ta yi mata bayani da Hausa dalla-dalla, ta sa ta maimaita. Daga can ba ta koma gida ba, tasha ta wuce ta shiga motar Argungu, Munzali na binta yana zufa.

Baba yana fadama aka kira shi. Ya taho ya tabbata kayan sa rana aka zo karɓa. Sai ya tarar da Goggo zaune a zaure tana shan fura, ta ce alfarma ta zo nema: a ɗaga biki zuwa bayan kaka. Baba ya fara cewa ai yarinya ce ba ta da hankali, a yafe mata, Goggo ta katse shi ta ce marar hankalin ita kanta ce, da ta sayi abu ba ta tambayi masu shi ba. Ta ce dangin ango ne ke gaggawa a ko'ina, to ga uwar ango ta ce a jira, wa ya rage? Baba ya yi ta sa mata albarka.

Ba kowa ya ji daɗi ba. 'Yan uwan Munzali na Gulma sun yi ta gunaguni, wasu suka ce an mayar da ɗansu bawan boko, wasu suka kawo masa sunayen 'yan mata. A nan ne Munzali ya fara nuna shi ma namiji ne. Ya ce musu ko shekara nawa ce zai jira, kuma shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu wata sakandaren 'yan mata ta karɓi Riskuwa ana dab da rufe rajista.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Ta sake sa yunifom ta zauna da ƙannen bayanta, suna kiranta Anti Amarya suna ƙyalƙyala dariya. Kullum Adesewa ta zo gida sai ta titsiye ta da tsofaffin tambayoyi har sai kanta ya yi zafi. Ranar firatikal ta riƙa ɗiga ruwan sinadari a kwalba a hankali, da launin ya juya ta ji kamar ta yi guɗa a ɗakin jarabawa. Aka yanke shinkafar rani, ƙawayenta suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, ita tana cin tuwon bikinsu da littafi a jaka. Ta yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, amma ba ta yi da-na-sani ba.

Sakamako ya fito gero na nuna. Adesewa ce ta duba mata a waya, ta daka tsalle ta rungume ta.

"B3! Riskuwa, B3!"

Riskuwa ta faɗi ta yi sujada a nan tsakar gida, Mansura na guɗa. Ta rubuta jarabawar shiga makarantar jinya, ta yi intabiyu, sunanta ya fito. Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Argungu, aka kawo amarya Birnin Kebbi.

Kunya ado ce ga 'ya mace, kuma ba wanda zai ce Riskuwa ta rasa ta. Amma shirun da zai bar mai ƙaunarka ya faɗa rami ba kunya ba ne, tsoro ne. Wanda zai nemi ilimi ya fara tambayar masu makarantar abin da suke karɓa kafin ya kwance ɗaurinsa, wanda kuma aka yi wa alheri bisa kuskure ya gode da gaske, sannan ya faɗi gaskiya cikin ladabi, ya yi haƙuri da abin da zai biyo baya. Riskuwa ta yi haka, Allah bai kunyata ta ba.

Washegarin kai amarya aka yi buɗar kai. Dangin ango suka cika gida, aka zaunar da Riskuwa a tsakiya cikin lulluɓi, kowace ta zo ta ajiye abin da ta kawo ta leƙa fuska ta sa albarka. Goggo ce ta ƙarshe. Ta taso da sandarta, ta durƙusa da ƙyar, ta yaye mayafin gaba ɗaya, ta zare zoben azurfan da ke hannunta ta zura a yatsan amarya.

"Kowa ya ba da nashi don ya ga huska," in ji ta, yadda duk mata za su ji. "Ni na sayen baki na biya. Daga yau ba Mansura tsakanina da ke. In kin ga na nuhi rami, ki kira ni ki hwaɗa min, kin ji ko?"

Riskuwa ta ɗago ido a hankali, karo na farko ta dubi fuskar tsohuwar, ta ga ashe ita ma kuka take yi. Ta kama hannunta da hannu biyu.

"Na ji, Inna. Na gode."